Fanka Dairek Ba Ta Hana Inji Ƙonewa: Martani Ga Mai Shafin Motoci

Kwanan baya wani marubuci a shafin motoci na wata jarida ya ba masu tsofaffin motoci shawara, kuma daga yadda nake jin direbobi suna maimaita ta a tasha da gareji, ta samu shiga. Ga abin da ya ce, ba tare da na rage masa komai ba. Motocin da muke hawa Beljiyam ne, an ƙera su don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Tamostat da sansan da ke kunna fanka an sa su ne don inji ya yi saurin ɗumi a can, mu kuwa da muke fama da zafin bazara ba mu da bukatarsu. Don haka ranar da fankar lagireto ta mutu, kada mai mota ya wahalar da kansa neman irin ta asali. Ya shiga kasuwa ya sayi mafi girma da aljihunsa zai ɗauka, mai wayarin ya haɗa ta dairek da makulli, ta tashi da tashin inji, ta mutu da mutuwarsa, tamostat kuma a cire a jefar. Ya kafa hujja da Fijo 504 ta iyayenmu, wadda a cewarsa fankarta ba ta tsayawa, kuma ba a san ta da zafi ba. Ya rufe da hujjarsa mafi nauyi: sansa da rile na tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne, in suka ƙi aiki cikin cunkoso gasket ya ƙone, kuɗin gyaran ya ninka kuɗin fanka. Gara fanka ta gaji da inji ya ƙone.

Ban raina tsoron Malam marubucin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen titi, tururi na tashi daga ƙarƙashin bonet, 'yan adaidaita na danna masa oda ta baya, ya san abin da ake gudu. Kan silinda na motocin nan na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Gaskiya ne kuma kasuwa cike take da sansa da rile na jabu. A kan magani muka rabu. Abin da ya rubuta ba ya hana inji ƙonewa. Ɗaga ranar yake yi, sannan ya ɗauke wa mai mota alamun da za su gargaɗe shi kafin ta zo.

Mu fara da zancen ƙanƙara. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40, kuma mu a jikinmu wannan azaba ce. Amma inji an ƙera shi ne ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 90. Ke nan ko a ranar da zafinmu ya kai maƙura, iskar da ke ratsa lagireto ta fi ruwan da ke cikinsa sanyi da kusan digiri 50. Tamostat na yawancin motocin nan yana fara buɗewa ne a wajen digiri 80 zuwa 90, kuma da ya buɗe sarai ya ba ruwa hanya, ba ya riƙe komai. Aikinsa shi ne hana inji sauka ƙasa da zafin da ya dace. In inji ya wuce iyaka alhali tamostat na buɗewa, wani abu ne daban ya lalace.

Sai in tambayi Malam: Camry da Accord da Corolla da suka cika titunanmu, ba daga Amurka aka kawo da yawa daga cikinsu ba? Ai irinsu ake tuƙawa a Texas da Arizona, inda zafin rani ke haura digiri 40 kamar namu. Alhazanmu kuma sun ga motocin haya a Makka da Jidda. Shin kamfanin Toyota ya ciro musu tamostat kafin ya aika da su Saudiyya? Ko kuwa injiniyoyin Japan ba su taɓa jin labarin hamada ba sai da wani mai wayarin a ƙarƙashin dalbejiya ya gano musu?

Kuma Malam ya manta da hunturu. A Disamba da Janairu, direban da ya yi asubanci daga Kano, balle mutumin Jos, da rigar sanyi yake tuƙi. Motar da aka cire wa tamostat aka kuma yi wa fanka dairek, a irin wannan safiya tana iya isa Zariya allurarta ba ta ɗaga daga ƙasa ba. Direba ya duba ya ji daɗi, ya ce motarsa sanyi ƙalau. Abin da bai gani ba shi ne ƙwaƙwalwar mota tana karanta zafin ruwa, kuma muddin ta ga inji da sanyi, ƙara masa fetur take yi, don injin da bai ɗumama ba ba ya ƙona mai da kyau. Rarar fetur ɗin nan wani ya fita ta salansa, wani ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Danshin da ya kamata zafi ya kore daga baƙin mai ya zauna, ya haɗu da datti ya zama laka. Zobe da silinda suna cin juna a hankali, babu tururi, babu ƙara, sai bayan shekara biyu a ji mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, a ce ai tsufa ne. Da can da fetur ke ƙasa da naira 200, ana iya kawar da kai daga wannan asara. Tun da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai dubu a wurare da yawa. Wane ɗan haya ne yake da rarar da zai riƙa ƙonawa don kawai ya ga allura a kwance? Allura a tsakiya ita ce lafiya. Haka aka yi ta.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi. A injina da dama tamostat aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda kuma yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya zagaya cikin inji kawai lokacin da yake da sanyi. In ka cire shi, gajeriyar hanyar nan ta zauna a buɗe har abada, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa komawa cikin inji bai leƙa lagireto ba. Ka cire abu don gudun zafi, ka samu sanyi da safe, ka samu zafi da rana a kan hawa da lodi.

Yanzu ga ita kanta fankar. Fankar lantarki ba a yi ta don tafiya ba, don tsayuwa aka yi ta. Da mota ta kama gudu, iskar da ke dukan gabanta ta fi wadda fanka za ta iya jawowa. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, in komai na motarsa daidai yake kuma bai kunna esi ba, fankarsa ba za ta tashi ba sai ya tsaya a shingen bincike, ko ya shiga cunkoson Zariya, ko ya isa Kawo. Tana tashi in ruwa ya kai wajen digiri 95, ta yi ɗan aikinta, ta huta. Wadda aka yi wa dairek kuwa tun daga tasha har tasha tana juyawa, tana yin aikin da iska ta riga ta yi.

Na ga cikin irin wannan fanka a kan teburin wani mai riwaya. Ya kwance murfin motar fankar, baƙar ƙura ta zubo a kan tsohuwar jarida, ya ɗago gawayin nan biyu da ke goga wa jan ƙarfe wuta, waɗanda suke ce wa burushi. Sun cinye har sifirin ɗin da ke tura su ya fara taɓa ƙarfe. Ya kama fiffiken ya girgiza, sai ga shi yana rawa a kan ƙarfensa, bushin ya yi faɗi. Burushi yana ƙarewa ne da yawan juyawa, ƙurar hunturu kuma tana taya shi. Fankar da aka ƙera ta yi aikin mintuna a rana, an sa ta aikin sa'o'i. Malam ya ce gara fanka ta gaji da inji ya ƙone. To ranar da ta gaji fa? A cikin wane hali za ta mutu, in ba a cikin cunkoson da yake tsoro ba? Kamar maigadi ne da aka ce ya yi ta busa usur dare da rana don kada ɓarawo ya zo: busarsa ta daina nufin komai, kuma ranar da ɓarawon ya zo, ya riga ya sheme don gajiya. Direban da ya san motarsa yana jin tashin fanka da tsayawarta. In ya ji ta fara daɗewa ba ta tsaya ba, ya san wani abu ya canza, ya duba ruwa, ya duba lagireto. Dairek ta kashe masa wannan kunnen.

Ga kuma zancen wuta. Fanka ɗaya tana jan amfiya 10 zuwa 20, a lokacin tashi ma fiye da haka. Shi ya sa aka sa mata rile, wato makulli ya aika ƙaramar wuta, rile ya ɗauko babba daga batir ta waya mai kauri, da fiyus a kan hanya. Amma yaya ake yin dairek a yawancin garejinmu? A feɗe wata waya da ke samun wuta in an murɗa makulli, a naɗa wayar fanka a kai, a ɗaure da salatef ko leda. Babu rile, fiyus kuma in ya dame su da ƙonewa a cusa gashin waya a gurbinsa. Duk nauyin nan ya bi ta cikin makullin da ba a yi shi don haka ba. Da ka murɗa makulli, kafin inji ya tashi, fanka ta riga ta fara shan batir ɗin da dama da ƙyar yake juya kik. A cikin cunkoson dare, fitila a kunne, inji na silo, tsohuwar altaneta ba ta cika abin da ake ja. Sai a yi ta canza batir ana zagin masu sayar da batir. Wayar da ta ɗauki wutar da ta fi ƙarfinta, ba fiyus, a kusa da tiyon fetur, ba sai na faɗi ƙarshen labarinta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsoron da Malam ya gina duk shawararsa a kai, masu ƙera motocin sun riga shi tunaninsa. A tsofaffin Corolla da Camry na shekarun 1990, in ka zare soket ɗin sansan fanka, makulli a kunne, fanka tashi take yi, ba mutuwa ba. Da gangan aka tsara haka, don in waya ta tsinke inji ya tsira. Motoci da yawa da ƙwaƙwalwa ke sarrafa fankarsu ma haka suke yi in sun daina jin sansa. Golf 3, wadda ta yi shekaru tana haya a garuruwanmu, fankarta na iya ci gaba da juyawa bayan an kashe mota an zare makulli, domin a mintunan farko bayan kashe inji famfon ruwa ya tsaya, zafin ƙarfe kuwa yana nan, sai ruwan ya ƙara zafi. Wanda ya haɗa ta dairek da makulli ya kashe ta daidai lokacin da kamfani ya so ta yi aiki. Wannan shi ne ƙarin tsaron?

Ita kuma 504, Allah ya jiƙan maza. An harhaɗa ta a Kaduna, ta yi wa Arewa hidima, ba mai musun wannan. Amma injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya, fanka a goshinsa, bel ke juya ta. Motocin da muke magana a kansu injinsu a gicciye yake, ba yadda bel zai kai ga lagireto, shi ya sa aka koma lantarki. Kuma ko a wancan zamani, kamfanin Fijo tun a kan 403 ya fara sa fanka mai kama kanta ta saki kanta gwargwadon zafi. Ashe su ma ba su ga amfanin fanka ta yi ta juyawa a banza ba.

Saura batun sayen mafi girma. Ƙarfin fanka ba a faɗin fiffike kaɗai yake ba. Rabin aikin gidanta ke yi, wato robar nan da ta rufe bayan lagireto ta bar wa fiffike rami daidai shi. Ita ke tilasta iska ta ratso ta duk faɗin lagireto. In aka sayo babbar fanka ta wata mota, aka datse gidan da zarto don ya shiga, ko aka jefar da shi ɗungurungum, fanka sai ta riƙa jawo iska ta gefe inda ya fi mata sauƙi, ta bar kusurwoyin lagireto da zafinsu. Ƙara kam za ka ji, har maƙwabta su san ka tayar da mota. Wasu kuma sukan ɗaure ta da waya ta cikin haƙoran lagireto. Ramukan hanya su yi ta girgiza ta har wayar ta huda bututun alminiyam, ruwa ya fara ɗiga. Akwai kuma kuskuren da ake yi fiye da yadda ake zato: a juya wayoyi biyun, fanka ta riƙa juyawa baibai, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta baya. A tsaye ba lallai ka gane ba. Da ka kama hanya sai ta shiga kokawa da iskar da ke shigowa. Gwajinsa bai wuce ka riƙe ƙyallen leda a gaban mota fanka na aiki ba. In ya manne a jikin ragar, daidai ne. In ya tashi ya nufo ka, a koma kan waya.

Ga matsayina. Tsohuwar mota in ta fara zafi, a fara tambayar yaushe take yinsa. In a cunkoso ne, da an kama hanya allura ta sauka, to a nemi laifin a ɓangaren fanka. In kuwa a kan gudu take zafi, in dai ba baibai take juyawa ba, fanka ba ta da laifi ko kaɗan, kuma ko guda uku ka jera mata dairek ba abin da zai canza. A nan sai a duba lagireto da ruwan rijiya da na burtsatse suka toshe da tsatsa da farin gishiri. A duba tsakanin lagireto da ragar esi, inda ƙura da busasshiyar ciyawa da gashin kaji ke taruwa su zama bargo, wurin da mai wankin mota ba ya kaiwa. A duba murfin lagireto, wanda matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu ruwa zai tafasa tun inji bai yi wani zafin kirki ba. A duba famfon ruwa. Shi kansa tamostat yakan maƙale a rufe, ban musa ba, kuma gwada shi bai wuce a jefa shi a tukunyar ruwan zafi a ga ko zai buɗe ba. In ya mutu a sa wani, ba a bar gurbin fanko ba.

In kuma laifin na ɓangaren fanka ne, kada a yi saurin yanke mata hukunci. A ba ta wuta kai tsaye daga batir. In ta tashi da ƙarfi, lafiyarta lau, sai a bi fiyus, a bi rile, a bi sansa, a duba soket ko ya narke, a kankare inda wayar ƙasa ta yi tsatsa a jikin bodi. Masu Fijo 406 mai fanka biyu da masu tsohuwar Camry su lura da wani abu: a ƙaramin gudu fankokin biyu wuta ɗaya suke rabawa, ta bi ta cikin ta farko ta shiga ta biyu, sai zafi ya ƙaru rile su ba kowace cikakkiyar wutarta. Saboda haka in ɗaya ta mutu, ƙaramin gudun duka biyun yakan ɗauke, mai mota ya ɗauka duka sun mutu, ya sayi biyu alhali ɗaya ce. Wani lokaci ma burushi kawai za a canza.

In ta tabbata ta mutu, a ɗauki tsohuwar a tafi da ita kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka, ko Apo, a nemi irinta sak, da gidanta, da soket mai baki iri ɗaya. A juya fiffiken da hannu a ji ko yana gurzawa, a girgiza shi a ga ko yana rawa, a duba tsaga a gindinsa, a sa mai shago ya ɗora ta a batir a gaban idonka. Ta Beljiyam ta asali, wadda ta yi rayuwarta tana tashi tana hutawa, sau da yawa ta fi sabuwa mai arha da ba a san inda aka yi ta ba. Sansa da rile kuma, duk da cewa jabu sun yi yawa, ai masu kyau ba su ƙare ba. A ciro na jikin motar da aka kwance, kuɗinsu bai kai na fankar da dairek za ta kashe ba.

Wuri ɗaya na yarda da dairek: a kan hanya, dare ya yi, rile ya mutu tsakanin Birnin Kudu da Ningi, ba mai wayarin sai gobe. A nan a haɗa ta, da fiyus in da hali, a isa gida. Washegari a kwance. Malam ya ɗauki dabarar fita daga daji ya mayar da ita tsarin zama, ya kuma buga a jarida don masu motocin da suka fi kowa rashin kuɗin sake inji.

Wanda ya kai motarsa aka sa mata fanka, kada ya biya sai ya tsaya a kanta. A mayar da tamostat, a cika ruwa, a fitar da iska, a kashe esi, a bar inji a silo, bonet a buɗe. Ya jira har allura ta kai tsakiya, babban tiyon lagireto ya ɗauki zafi, fanka ta tashi da kanta. Sannan ya ƙara jira har ta tsaya da kanta. In ta tashi tun da murɗa makulli, ko ta ƙi tsayawa, aka ce masa “Alhaji, ai haka muke yi a nan saboda zafinmu,” ya ce a sake aikin.